Idan ƙarfen jijiyar zuciya ya sake tsukewa, wane balan-balan mai magani ya fi?

Daga gidan kawuna a Ƙofar Marusa zuwa masallacin unguwa tafiyar minti biyar ce ga mai lafiya. Wata goma sha huɗu bayan an sa masa ƙarfe a jijiyar zuciya a Alƙahira, sai tafiyar ta koma cin minti goma sha biyar. Bai faɗa wa kowa ba. Sai dai ya tsaya wajen mai shayi ya ja gaisuwa, ya ƙara tsayawa a shagon tela yana taya yadin da ba shi da niyyar saye. Matarsa ce ta gano cewa gaisuwar nan ba ta zumunci ba ce, hutu yake yi. Nauyin da ke danne masa ƙirji kamar an ɗora turmi ya dawo, yana zuwa idan ya yi tafiya, yana lafawa idan ya tsaya.

A Abuja aka sake ɗaukar hoton jijiyoyin, irin wanda ake zura siririn tiyo ta wuyan hannu a tura ruwan da ke sa jijiya ta fito a allo. Ƙarfen yana nan inda aka sa shi, amma hanyar da ke cikinsa ta tsuke kamar wuyan gora. Likitan ya ce ko dai a ƙara wani ƙarfen a cikin na farko, ko kuma a yi amfani da balan-balan mai magani, shi ma kuma iri biyu ne, kowanne da kuɗinsa. Muka dawo Katsina da takarda, aka zauna a zaure ana shawara. Kawu ya saurare mu har muka gama, sannan ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ƙarfe guda bai riƙe ba, balan-balan na wasan yara ne zai riƙe?"

Tambayar ta ba mu dariya, amma ita ce ƙofar shiga maganar. Balan-balan ɗin ba riƙe jijiya yake yi ba, ba a ma barinsa a ciki. Ɗan aike ne kawai: ya kai magani, ya manna shi a bangon jijiya cikin daƙiƙa 30 zuwa 60, a sace iskarsa a zare shi.

Sai an san dalilin tsukewar kafin a fahimci amfanin maganin. Tun ranar 16 ga Satumba 1977, da Andreas Grüntzig ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a Zurik, likitoci ke fama da abu guda: jijiyar da aka buɗe da ƙarfi tana son komawa. A 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka fara dasa 'yar ragar ƙarfen da ake kira sitent, wadda mutanenmu ke ce wa ƙarfe kawai. Ragar ta hana jijiya lanƙwashewa, sai ta zo da tata matsalar. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin rauni, ya shiga gyara. Duk wanda ya taɓa ganin kunnen da aka huda ya warke da tudun nama ya ga abin da ke faruwa: ƙwayoyin tsokar bangon jijiya su yi ta hayayyafa, su ratsa ramukan ragar, su cike hanya. A ƙarfe zalla, mutum biyu zuwa uku cikin goma sukan gamu da wannan. Da aka fara shafa wa ƙarfen magani, Cypher a 2002 da Taxus bayansa, abin ya sauko ƙasa da ɗaya cikin goma. Bai ɓace ba dai. A Amurka har yanzu kusan aiki ɗaya cikin goma na buɗe jijiyar zuciya, na gyaran tsohon ƙarfe ne.

Ba tudun nama ne kaɗai ke jawo shi ba, kuma wannan wuri a riƙe shi da kyau don za mu dawo kansa. Wani lokaci ƙarfen ne tun farko bai buɗe sosai ba, kamar lemar da aka buɗe rabi, saboda bangon jijiyar ya yi tauri da alli. Wani lokaci an sa wanda ya yi wa jijiyar ƙanƙanta, ko ya karye a inda take lanƙwasa. Wani lokacin kuma, bayan shekaru, sabon kitse ne ya taru a kan naman da ya lulluɓe ƙarfen. Masu ciwon suga, masu ciwon ƙoda, masu sirarun jijiyoyi da waɗanda aka sa wa dogon ƙarfe sun fi shiga wannan hali. Kawu yana da suga tun kafin ya yi ritaya.

Me zai hana a ƙara wani ƙarfen kawai? Ana yi, kuma kamar yadda za mu gani, sau da yawa shi ya fi. Amma duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yaɓe a kan yaɓe: katanga tana ƙara kauri, ɗaki yana ƙara ƙunci. Jijiyar zuciya faɗinta bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Hawa biyu na ƙarfe ana iya jurewa, hawa uku kuwa an fara cin hanyar jinin da ake neman buɗewa, ana toshe bakin ƙananan rassan da ke fita daga jijiyar, ana kuma wahalar da duk wanda zai zo gyara a gaba. Wannan tunanin ne ya sa Bruno Scheller, likitan zuciya a Homburg, da Ulrich Speck na Balin, dukansu a Jamus, suka ce to a kai maganin ba tare da ƙarin ƙarfe ba. Gwajinsu na farko, wanda ya fito a 2006, mutum 52 kacal ya ƙunsa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa balan-balan zalla sun yi asarar milimita 0.74 na faɗin hanyar da aka buɗe, waɗanda aka yi wa mai magani kuwa 0.03. A jijiyar da ba ta kai kaurin tsinken tsire biyu ba, wannan tazara ce mai girma.

Maganin da suka shafa shi ne pakilitaksel, wanda asalinsa daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka samo shi, kuma masu jinyar ciwon daji sun san shi. Yana daskarar da ƙashin bayan ƙwayar halitta ta yadda ba za ta iya rabuwa biyu ba. Abin da ya sa ya dace da balan-balan shi ne son maiƙo. Kamar manja ne a farar shadda: taɓawa ɗaya ya kama, kuma makonni yana nan. Abokin takararsa shi ne sirolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar bakteriya a ƙasar tsibirin Rapa Nui da ke tekun Fasifik, ana kuma ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi ta. Shi ba ya kashe ƙwayar halitta, tsayar da ita yake yi kafin ta fara shirin rabuwa, yana kuma kwantar da kumburi. A kan ƙarfe, dangin sirolimus sun daɗe da kayar da pakilitaksel, har Taxus, ƙarfen nan mai pakilitaksel, ya bar kasuwa. Amma ƙarfe yana zaune a wurin yana sakin magani a hankali na makonni. Sirolimus lalle ne, sai an ƙunsa an ba shi lokaci yake kamawa. Balan-balan kuwa minti ɗaya yake da shi, don muddin yana hure jini ba ya wucewa.

Saboda haka rabin gasar ba a kan maganin take ba, a kan mahaɗin da aka kwaɓa shi da shi take. Ana son abin da zai riƙe magani a jikin balan-balan yayin da yake ratsa tiyo da jini, sannan ya sake shi nan take idan an hura. In ya riƙe da yawa, magani ya fito tare da balan-balan. In ya yi sako-sako, jini ya wanke shi tun kafin a isa. Ko a mafi kyawunsu, ƙaramin kaso ne ke shiga bangon jijiya. SeQuent Please na kamfanin B. Braun, wanda ya gaji aikin su Scheller, yana ɗauke da maikirogiram 3 na pakilitaksel a kowane murabba'in milimita, an haɗa shi da ayofuromaid, wato ɗaya daga cikin ruwan da ake turawa don ɗaukar hoton jijiya. AGENT na Boston Scientific maikirogiram 2 ne da wani mahaɗin daban. Na Medtronic yuriya ce mahaɗinsa, sinadarin nan da manomanmu suka sani a buhun taki, ko da yake wannan tatacciya ce ta magani. Restore kuwa nasa daga ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa aka sarrafa shi. A ɓangaren sirolimus dabarun sun fi wuya: MagicTouch na Indiya yana naɗe maganin cikin ƙananan ƙwayoyin maiƙo, SELUTION yana zuba shi a cikin wasu mitsi-mitsin rumbuna da ke narkewa a hankali na watanni, SeQuent SCB kuma ya mai da shi ƙanƙara-ƙanƙara mai kama da gishiri, maikirogiram 4, don ya daɗe a wurin.

Ke nan idan aka ce maka balan-balan mai pakilitaksel, ba a gama gaya maka komai ba, kamar a ce maka mota mai shan fetur. Kundin da Suwidin ke tattara bayanan duk aikin jijiyar zuciya na ƙasar ya nuna haka tun 2012: an kwatanta SeQuent Please da Elutax na wancan lokaci, dukansu pakilitaksel, amma sake tsukewa ta fi yawa ƙwarai a na biyun. Kundi ba gwajin ƙuri'a ba ne, wato wanda ƙuri'a ke raba wa marasa lafiya abin da za a yi musu, likitoci ne suka zaɓi wanda za su yi wa wane, don haka ba a rantsuwa da shi. Amma tun daga nan masana suka daina ɗauka cewa shaidar da aka samu a kan wani balan-balan ta wadatar da ɗan'uwansa.

Inda aka haɗa masu pakilitaksel na zamani kai da kai ta hanyar ƙuri'a, kusan kunnen doki ake yi. An gwada AGENT da SeQuent Please a Turai a kan mutum 125, kowanne ya yi asarar kimanin milimita 0.4 bayan wata shida. An gwada Restore da SeQuent Please a Sin a kan mutum 240, bai gaza ba. Ka lura dai kullum SeQuent Please ne ma'auni, don shi ya fi kowa tarin gwaji a bayansa.

A tsakanin pakilitaksel da dangin sirolimus ne labarin ya cakuɗe. Gwajin farko a Malesiya aka yi shi, ya fito a 2019, mutum 50. Aka haɗa shi da wani irinsa na Jamus da Suwizalan suka zama 101, asarar faɗi ta fito milimita 0.25 ga mai pakilitaksel, 0.26 ga mai sirolimus. Daidai wa daida. Sai aka gwada bayolimus, ƙanen sirolimus da ya fi shi son maiƙo, wanda a takarda ya kamata ya fi dacewa da balan-balan. A gwajin REFORM, mai mutum kimanin 200, ya kasa kamo SeQuent Please, kuma ba da ƙaramar tazara ba. A wani gwajin da aka yi a Sin, BIO ASCEND ISR, balan-balan mai bayolimus ya tsallake. Magani ɗaya, sakamako biyu. MagicTouch ma ya kasa kamo pakilitaksel a gwajin TRANSFORM I, sai dai wannan a sirarun jijiyoyin da ba a taɓa sa wa ƙarfe ba aka yi shi, don haka ba kai tsaye ya shafi irin su Kawu ba. A ƙarshen 2025 kuma aka gabatar da SELUTION4ISR, mutum sama da 400, inda aka gwada SELUTION da abin da aka saba yi, galibi sabon ƙarfe, wasu kaɗan balan-balan zalla, aka ce bai gaza ba.

Wannan kalma ta "bai gaza ba" tana buƙatar a tsaya a kanta, don da ita ake tallata kusan duk sabon balan-balan. Ma'anarta ba "ya fi" ba ce, ba ma "daidai suke" ba ce. Kafin a fara gwaji masu bincike sukan ja layi su ce, muddin sabon bai yi ƙasa da tsohon da fiye da kaza ba, mun karɓa. Kamar a ce a tseren dawaki duk dokin da ya iso cikin taku goma bayan na farko ba a kira shi na baya. Idan an ja layin da faɗi, ko dawakan ba su da yawa, rago ma yana iya shiga. Abu na biyu, yawancin waɗannan gwaje-gwajen milimita suke aunawa a hoto bayan wata shida ko tara, ba yawan waɗanda suka sake kwanciya ko suka mutu ba. Milimita tana da amfani, ita ke nuna ko magani ya kama. Amma mutum 50 ko 100 ba su isa a gane wane balan-balan ya fi kare mutum daga bugun zuciya bayan shekara biyar ba. A ganina, wanda ya ce maka sirolimus ya fi saboda shi ne sabo, ko saboda ya yi nasara a kan ƙarfe, ya riga shaida isa wurin. Wanda kuma ya ce ba ya aiki, shi ma ya wuce gona da iri. Abin da ke hannu shi ne pakilitaksel yana da kusan shekara ashirin na shaida, wasu masu sirolimus sun nuna suna iya kamo shi, wasu sun kasa, kuma kowanne da sunansa ake yi masa hukunci.

Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a waje ya turo saƙo a lokacin cewa ya ji pakilitaksel yana kisa. Maganar tana da tushe. A Disamba 2018 Konstantinos Katsanos da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a jijiyoyin ƙafa, suka ga kamar mace-mace sun fi yawa bayan shekara biyu zuwa biyar a waɗanda aka yi wa na'urori masu pakilitaksel. Hankali ya tashi a duniya. Aka koma aka bi sawun marasa lafiyar da suka ɓace daga lissafin farko, aka ƙara tattara bayanai, har a Yuli 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce shaidar ba ta nuna ƙarin haɗarin mutuwa ba. Balan-balan na zuciya ma ƙarami ne ƙwarai a kan na ƙafa, maganin da yake ɗauka kaɗan ne, kuma tattara gwaje-gwajensa bai nuna wannan alamar ba.

Amurka ta makara a wannan fanni. Sai a farkon 2024 ta amince da balan-balan mai magani na farko don jijiyar zuciya, shekaru da dama bayan Turai da Asiya. Gwajin da ya buɗe ƙofar, AGENT IDE, shi ne mafi girma a irinsa a lokacin: mutum 600 a asibitoci 40, kusan rabinsu masu ciwon suga, fiye da kashi 40 cikin 100 kuma da ƙarfe hawa biyu ko fiye. Bayan shekara guda, waɗanda aikin ya lalace musu, wato aka sake buɗe wurin, ko suka sami bugun zuciya daga wannan jijiya, ko zuciya ta yi ajalinsu, kashi 17.9 ne a masu magani, 28.6 a masu balan-balan zalla. Nasara ce babba. Amma a duba da wa aka yi kokawar: da balan-balan marar magani, wanda tun 2006 aka san ba ya kai labari. Gwajin bai ce AGENT ya fi SeQuent Please ba, bai ce ya fi sabon ƙarfe ba. Kuma 17.9 ɗin kanta abin dubawa ce. Kusan mutum ɗaya cikin shida ya dawo a shekarar farko, duk da magani.

To ina matsayinsa idan aka ajiye shi gefen sabon ƙarfe, wanda shi ne zaɓin da aka ba mu? A Munik ta Jamus, gwajin ISAR-DESIRE 3 na 2013 ya raba mutum 402 kashi uku. Tsukewar da aka gani a hoton bibiya kashi 38 ce cikin 100 na faɗin jijiya ga balan-balan mai magani, 37.4 ga sabon ƙarfe, 54.1 ga balan-balan zalla. An bi su har shekara goma, biyun farko ba su rabu ba. Sai dai ƙarfen da aka yi amfani da shi Taxus ne, tsohon yayi. Da Fernando Alfonso da abokansa a Sifen suka maimaita kwatancen da ƙarfen zamani mai eberolimus, ɗaya daga cikin dangin sirolimus, a gwajin RIBS IV, mutum 309, ƙarfe ya yi nasara: matsala ta sami kashi 10 a shekara guda, a ɓangaren balan-balan 18. A 2020 aka tara gwaji goma wuri guda, mutum 1,976, a nazarin DAEDALUS. Cikin shekara uku an sake yi wa kashi 16 na masu balan-balan aiki, 12 na masu ƙarfe. Ta fuskar mutuwa da bugun zuciya kuwa babu bambancin kirki. Nazarin ya kuma fito da wani abu mai ma'ana: idan ƙarfen farko marar magani ne, hanyoyin biyu daidai suke, idan kuwa mai magani ne ya tsuke, sabon ƙarfe ya ɗan fi. Dalilin a fili yake. Jijiyar da ta riga ta bijire wa magani sau ɗaya ta fi taurin kai.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai, wadda a 2014 da 2018 ta ajiye hanyoyin biyu a mataki ɗaya, a 2024 ta fifita sabon ƙarfe ga wanda ƙarfensa mai magani ya tsuke. Wannan bai kori balan-balan ba. Yana nan da gurbinsa ga mai hawa biyu tuni, ga siririyar jijiya, ga inda babban reshe ya fita ta jikin ƙarfen, da kuma wanda jininsa ba zai jure doguwar shan magungunan hana daskarewa ba. Bayan sabon ƙarfe akan haɗa asfirin da kulofidogirel na kimanin wata shida ga wanda ciwonsa ba na gaggawa ba ne, bayan balan-balan kuwa wata ɗaya yakan isa a irin wannan hali. Ga dattijo mai gyambon ciki, ko wanda ke jiran wata tiyatar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nan zan yi ɗan ratse: kada kowa ya yanke wa kansa wannan wa'adi. Tsukewar da muke magana a kai sannu take zuwa, tana ba da sanarwa kamar yadda ta yi wa Kawu. Gudan jini a cikin ƙarfe kuwa dare ɗaya yake toshe hanya, kuma babban abin da ke jawo shi shi ne ajiye magani da wuri, don ya ƙare, ko don za a cire haƙori, ko don an ce wani jiƙo ya fi shi.

Yanzu mu koma kan lemar nan da aka buɗe rabi, don a wajena ita ce ta fi sunan kowane kamfani muhimmanci. Magani yana hana nama tsiro ne, ba ya buɗe ƙarfe. Idan matsalar ta ƙarfen ce, ko da zinariya aka shafa wa balan-balan, hanya ba za ta faɗaɗa ba. Hoton da ake ɗauka da ruwa inuwar hanyar kawai yake nunawa. Sai an zura 'yar na'urar da ke leƙa jijiya daga ciki, da sauti ko da haske, ake ganin ko ƙarfen ya buɗe, ko alli ne ya matse shi, ko ya karye. Daga nan sai sharar hanya: a buɗe da balan-balan mai jure matsi, ko mai ƙananan wayoyi a jiki da ke tsattsaga naman don magani ya sami wurin shiga. An gwada wannan ma a Munik, a ISAR-DESIRE 4, mutum 252, tsukewar baya ta zo kashi 35 na faɗin jijiya ga waɗanda aka tsattsaga wa, 40.4 ga waɗanda ba a yi wa ba. Dubi wannan tazara, sannan ka tuna cewa tsakanin manyan balan-balan biyu sau da yawa ba a ga ko rabinta ba. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce kada a ɗauko mai maganin sai abin da ya rage na tsukewa bai wuce kashi 30 ba, jini yana gudu sosai, bangon kuma bai yage yadda zai tare hanya ba. A zaɓi wanda faɗinsa ya yi daidai da jijiya, tsawonsa ya zarce wurin da milimita 2 ko 3 ta kowane gefe, kada a taɓa jikinsa da hannu, a kai shi da sauri. Sau ɗaya ake hura shi da magani. In an yi kuskuren wuri, an yi asarar kuɗi da magani duka.

Mu da muke nesa da inda ake waɗannan ayyuka muna da wata matsalar da gwaje-gwajen Munik ba su san da ita ba. An sa ƙarfe a wata ƙasa, za a gyara a wata, kuma likitan na biyu yana buƙatar sanin sunan ƙarfen, faɗinsa, tsawonsa, da ko mai magani ne. Duk wannan yana kan ɗan katin da ake ba mutum ranar sallama. Namu kwana biyu muka yi muna nema. A ƙarshe aka same shi a aljihun jakar da aka yi tafiyar da ita, tare da tsohon tikitin jirgi da ragowar kuɗin Masar. Faifan hoton aikin farko kuwa ba mu karɓo ba sam, ba wanda ya ce mu karɓa, mu ma ba mu san ana tambaya ba.

Da muka koma, tambayoyin da muka yi wa likitan ba su da yawa. Me ya sa ya tsuke? Za a leƙa daga ciki kafin a yanke shawara? Wane balan-balan ne da sunansa, kuma an gwada shi a kan masu irin wannan matsala? In sharar hanyar ba ta yi kyau ba, akwai ƙarfe a ajiye? Bai ji haushi ba, ya ma ce ita ce shawarar da za a yanke a kan tebur, ba a ofis ba. Da aka leƙa, sai ga shi tsakiyar ƙarfen Kawu bai taɓa buɗewa yadda ya kamata ba, alli ya ɗaure shi ta gefe guda. Aka buɗe shi da matsi mai ƙarfi, aka tsattsaga naman, hanya ta yi kyau, jijiyar kuma siririya ce da reshe a gefenta, don haka aka ƙare da mai pakilitaksel.

Kawu idonsa biyu aka yi komai. Ya ce da aka hura na ƙarshen, turmin nan ya dawo ya zauna masa a ƙirji, ya ji wata ma'aikaciyar jinya tana ƙirga daƙiƙa da ƙarfi, shi kuma yana jan salati a zuci yana lissafi da ita. Wajen sittin aka ce a sace, nauyin ya ɗaga. "Ashe ɗan aiken naku bai ko zauna ba," in ji shi da na shiga duba shi.

Wata bakwai ke nan. Bai isa a ce an tsallake ba, masu ciwon suga sukan dawo, kuma yanzu rigimarmu da shi a kan maganin kitse ce da shayi mai sukari uku. Katin ƙarfen da takardar aikin na biyu suna cikin leda a aljihun gaban rigarsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na bi shi masallaci, muka wuce shagon tela bai ko rage tafiya ba, telan ya leƙo da almakashi a hannu yana kira, "Alhaji, yadin nan naka fa har yanzu yana nan."